Kukan Talaka Bayan Cin Nasara: Haraji da Bore a Ƙasar Hausa, 1804 zuwa 1984

Gabatarwa

A farkon watan Agusta na shekarar 2024, ina zaune a ƙofar gidana da ke Kinkinau a cikin garin Kaduna, na ga samarin unguwa suna fita ayari-ayari, sun nufi cikin gari domin zanga-zangar tsadar rayuwa da aka yi a manyan biranen ƙasar nan. Ba a yi mako guda ba sai da gwamnatin jiha ta kafa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, saboda abin ya fara rikiɗewa zuwa fasa kantuna. A cikin kwanakin nan da muka yi a tsare, wani maƙwabcina wanda na taɓa koyarwa a aji, yanzu kuma shi ma malamin makaranta ne, ya leƙo zaurena bayan la'asar. Da muka gaisa sai ya ce, "Malam, don Allah in yi tambaya. Irin wannan fitowa ta talakawa ta taɓa canza wani abu a ƙasar nan kuwa, ko dai aikin baban giwa ne?" Na ce masa tambayar ta fi ƙarfin hirar zaure, amma in Allah ya yarda zan amsa masa a rubuce. Wannan maƙala ita ce cikon alkawarin.

Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a tarihin ƙasar Hausa na shekara ɗari biyu da suka wuce, kusan duk wani babban juyi na mulki da aka yi, kukan talaka a kan abin da ake karɓa daga hannunsa yana cikin abubuwan da suka tara masa jama'a. To amma bayan an ci nasara, sababbin shugabanni sukan tarar mulki ba ya tafiya sai da kuɗi, sai a wayi gari abin da aka yi faɗa a kansa ya dawo da sabon suna. Daga nan ne kuka na biyu yakan tashi, kuma yadda masu mulki suka karɓi wannan kuka na biyu shi yake yanke irin kamannin da sabuwar gwamnati za ta ɗauka. Zan fara da jihadin 1804, domin shi ne juyin juya hali mafi girma da aka taɓa yi a wannan ƙasa, in bi ta kan zuwan Turawa da gwagwarmayar 'yan Sawaba, in sauka a kan abin da na gani da idona a nan Kaduna tsakanin 1979 da 1984.

Kukan talaka kafin jihadi

Babu mai musun cewa manufar Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya yi masa rahama, ita ce gyaran addini da tsayar da shari'a. Sai dai duk wanda ya karanta rubuce-rubucen jama'arsa zai ga ba su raba gyaran addini da kare dukiyar mutane ba. A wajen shekarar 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami domin sallar layya ya yi musu kyauta mai tsoka, Shehu bai karɓi nasa rabon ba. A maimakon haka ya nemi alfarma biyar, biyu daga cikinsu kuwa su ne a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji.

A littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu ya jera hanyoyin da sarakunan Haɓe suke bi suna cin dukiyar jama'a, ya kuma kira su da sunayensu na Hausa. Akwai jangali da ake karɓa a kan dabbobi, da kuɗin gari, da kuɗin salla, da gaisuwa wadda mai neman biyan buƙata yake kai wa mai mulki. Akwai tawasa, wato naman da ake ɗiba a wurin mahauta ranar kasuwa, da kamuwa, wato kama jakin mutum ko takarkarinsa a yi wa sarki dako ba da yardarsa ba. Akwai kuma gargaɗi, wato tilasta wa mutane fita yaƙi, wanda ya ƙi a ci shi tara. Wannan jeri yana taimaka mana mu gane dalilin da ya sa Bafillace makiyayi da Bahaushe manomi da Buzu suka haɗu a ƙarƙashin tuta ɗaya bayan hijirar da aka yi daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Malamai sun fito saboda abin da suka karanta a littafi, da yawa daga sauran jama'a kuwa garke da rumbu ne suka fito da su.

Bayan faɗuwar Alƙalawa

Matsala ta fara bayyana tun kafin a gama yaƙi. Shekarun farko na jihadi shekaru ne na yunwa da cuta, rundunar jama'a ba ta da baitulmali, abincinta daga ganima yake fitowa. Wannan ya sa wasu mayaƙa suka riƙa auka wa garuruwan da ba a gaba da su, shugabanni suna hani ana ƙin ji. A shekarar 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu kuma babban mataimakinsa, ya ga yadda zukata suka karkata ga neman sarauta da tara dawaki da bayi, sai ya bar runduna ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a, sannan ya koma gida. Ke nan mutum na farko da ya nuna ƙin yarda da yadda juyin yake tafiya daga cikin gidan Shehu ya fito.

Alƙalawa ta faɗi a watan Oktoban 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. A 1812 Shehu ya raba tafiyar da daula, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Malam Abdullahi, sauran manyan jagororin yaƙi kuma kowa aka ba shi yankinsa. A nan ne zancen Malam Abdussalami ya taso. Shi dai Ba'are ne, yana cikin manyan almajiran Shehu waɗanda ba Fulani ba, kuma harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi. Da aka yi rabo sai ya ga abin da ya samu bai kai wahalar da ya sha ba. An zaunar da shi a Kware, arewa da Sakkwato kaɗan, garin kuwa ya zama matattarar masu ƙorafi a kan yadda ake taɓa dukiyarsu da mutanensu. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Abdussalami ya yi wa Sarkin Musulmi Bello tawaye. Bello da kansa ya adana wasiƙun da suka yi musaya a littafinsa Sardul Kalami, har da wadda Abdussalami ya zana yadda aka raba ƙasa yana tambayar ina nasa kason. Hujjar Bello ita ce Abdussalami ya haɗa kai da abokan gaba yana ba su mafaka. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni ya rasu a Bakura.

Tawayen bai tsaya a Kware ba, domin a daidai wannan lokaci Zamfara da wasu sassa sun tayar da ƙura. A ganina, tsarin da Bello ya bi a sauran mulkinsa amsa ce ga wannan girgiza. Ya kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, ya zaunar da makiyaya a cikinsu, ya ƙarfafa noma da sana'a. Irin wannan tunani ne ake gani a takardar nasiha da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, inda ya hore shi da raya manoma da maƙera da masu rini da sauran masu sana'a, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Ya gane cewa daular da ta dogara ga ganima, ranar da ganima ta ƙare 'ya'yanta za su juya wa juna.

A Kano amsar ta bambanta. Sarki Ibrahim Dabo ya hau gado a 1819 ya tarar ƙasa ta yi bore ta ko'ina, ga kuma Ɗantunku a arewa ya ƙi mubaya'a, wanda daga rigimarsa ce Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta. Dabo ya shafe shekaru yana yaƙi, kuma domin mulki ya tsaya da ƙafarsa ya farfaɗo da sarautun da aka gada tun zamanin Haɓe, ya raba wa 'ya'yansa da manyan gidajen jihadi, ya dawo da bayin sarki cikin sha'anin fada. Zaman lafiya ya samu, ciniki ya bunƙasa. Amma kowace sarauta tana da doki da barori da gida, kuma duk waɗannan ci suke yi.

Dawowar kuɗin ƙasa da hijirar Tsakuwa

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, yawancin harajin da aka yi kuka a kai sun dawo. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda yake kiran kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan wuri 2,500 a shekara kuɗin ƙasa, kowace karofi ta marina kuma wuri 700. A ƙasar Zazzau an fi sanin kuɗin galma, wanda ake yankawa a kan manomi. Jangali ma bai mutu ba. Malaman fada sun kafa hujja da cewa shari'a ta yarda a sa haraji a kan ƙasar da aka ci da yaƙi. Idan za a yi adalci, sarakunan suna da nauyi a kansu: gyaran ganuwa, sayen dawakin yaƙi, ciyar da malamai da baƙi, da gaisuwar da ake kaiwa Sakkwato. Sai dai manomi ba ya ganin wannan lissafi. Abin da yake gani shi ne jakada ya zo da kaka, kamar yadda yake zuwa wa kakansa kafin a ɗaga tuta.

A wajen shekarar 1846, farkon sarautar Sarkin Kano Usman, wani malami mai suna Hamza da ke Tsakuwa a kudu da birni ya ƙi biyan kuɗin ƙasa shi da almajiransa, yana mai cewa abin da ke kan Musulmi zakka ce. Da aka matsa musu sai suka yi hijira zuwa duwatsun Ningi, suka zauna cikin Butawa da Warjawa da sauran ƙabilun wurin, waɗanda su ma suna fama da harin bayi da karɓar jiziya. Daga wannan haɗuwa aka sami sarautar Ningi. Bayan Malam Hamza, magadansa irin su Ɗanmaje sun fi shekara hamsin suna kai hari ƙasashen Kano da Bauci da Zazzau, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fita da kansa domin tare su. Abin lura a nan shi ne, Malam Hamza ya yi amfani da makaman da Shehu ya yi amfani da su, wato hujja daga littafi da hijira, a kan jikokin masu tuta. Wani abin lura kuma shi ne, tsaron kudancin Kano daga Ningawa ya ƙara wa masarauta kashe kuɗi, ƙarin kuɗin kuma a wuyan manomi ya sauka. Bugu da ƙari, darajar wuri ta yi ta faɗuwa a rabin ƙarshe na ƙarnin saboda yawan shigo da shi, sarakuna kuma suna ta ƙara adadin da suke yankawa.

Zuwan Turawa da Satiru

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris na 1903. Su ma sun zo da alkawarin kawar da zalunci da cinikin bayi. Ba a jima ba Gwamna Lugga ya ce ikon karɓar haraji ya koma hannun wanda ya ci ƙasa da yaƙi. Aka dunƙule ƙananan haraji iri-iri wuri guda, aka ce hakimai su bar birni su koma ƙasashensu su tattara, a raba tsakanin gwamnati da sarki.

A watan Fabrairun 1906 mutanen Satiru, wani ƙauye kimanin mil 14 kudu da Sakkwato, suka tayar. Talakawa ne da bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu, sun taru a kan aƙidar Mahadi, sun kuma daina biyan haraji. Cikin jagororinsu akwai Ɗanmakaho, wanda ya tsallako daga ɓangaren Faransa. Da gatari da fartanya da baka suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin a karon farko. A ranar 10 ga Maris aka dawo musu da manyan bindigogi tare da dakarun Sarkin Musulmi, aka kashe mutane kimanin 2,000, aka rushe garin, har yau ba a sake zama a kufansa ba. Satiru ta yanke wata shawara da Turawa suke ta jinkiri a kanta. Sun ga sarakuna sun tsaya tare da su a ranar tsoro, don haka suka ƙudurta yin mulki ta hannunsu. Daga nan tsarin En'e ya kafu da baitulmalinsa da alƙalansa da 'yan dokarsa da gidan yarinsa. Boren talaka shi ya ƙulla auren Bature da sarauta, auren da ya kai har bayan samun 'yancin kai.

'Yan Sawaba

Ni na tashi a ƙarshen wannan zamani, a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Ina iya tuna yadda gari yake yin tsit idan aka ce an fara karɓar haraji. Akwai shekarar da damina ta yi gardama, mahaifina ya kasa cika kuɗinsa, aka tara su a ƙofar fada aka shanya su a rana tun hantsi. Sai da mahaifiyata ta fitar da akuyarta aka sayar da ita rabin kuɗi kafin a sake shi. Takardar shaidar biyan harajin nan tana nan a cikin adakarsa da na gada. Dattawa kuma suna ba mu labarin ɗiban gwamna, wato kwasar mutane da aka yi ala tilas zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu.

Irin wannan ƙunci ne ya haifi jam'iyyar NEPU, wadda mutum takwas suka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, daga baya Malam Aminu Kano ya zama shugabanta. Kukanta bai wuce haraji da jangali da aikin tilas da noman gandun sarauta da zaluncin kotu ba, wato kusan jerin nan na Kitabul Farƙi. A cikin watan nan dai, a zauren majalisa na Lugga da ke nan Kaduna, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurin neman a gyara mulkin En'e. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun ci matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe hawa-hawa ya tace su kafin a kai majalisa. An daure su, an yi musu bulala, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da dama.

NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba, amma matsin da ta yi ya sa jam'iyyar NPC mai mulki ta ga dole ta gyara gida. A shekarun 1950 aka ɗaure sarki da shawarar majalisarsa, aka fara shigar da zaɓaɓɓun wakilai. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka maye gurbinta da ƙananan hukumomi. Haraji da jangali ne suka rage a matsayin babbar alamar tsohon tsari.

Abin da na gani a Kaduna

A zaɓen 1979, da sojoji za su miƙa mulki, jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci kujerar gwamna a jihohi biyu: Alhaji Abubakar Rimi a Kano, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da ƙasar Katsina. Da hawansu a watan Oktoba suka soke haraji da jangali. A lokacin ina ƙaramin malami a cikin garin nan. Da na je gida hutu na tarar tsofaffi sun kasa gaskatawa, wani yana tambayata ko dai tarko ne, baɗi a ce su biya na shekara biyu. Farin jinin wannan mataki ya sa wasu jihohin Arewa, har da na jam'iyyar NPN, suka bi sahu. Abin da aka fara nema a 1950 ya tabbata bayan shekara 29.

Sai dai gwamnan Kaduna ba shi da majalisa. Daga kujeru 99, NPN tana da 64. Sau da dama ya aika sunayen kwamishinoni ana mayar masa, ya yi mulkinsa ba tare da majalisar zartarwa ba. Ya kafa kwamitin binciken gonakin da aka ƙwace wa talakawa, abin da ya ƙara tsorata masu hannu da shuni da masu sarauta. Ita kanta PRP ta dare biyu, 'yan taɓo suna tare da Malam Aminu, 'yan santsi suna tare da gwamnoni. Ranar 23 ga Yuni, 1981, majalisa ta tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya gaje shi. Ranar 10 ga Yuli aka yi tarzoma a Kano a kan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Kafin wannan, a watan Afrilun 1980, 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoman Bakolori ta ƙasar Talatar Mafara, waɗanda suke neman diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya cinye.

Akwai wani gefen da mu masu murna ba mu duba ba. Da aka soke haraji, ƙananan hukumomi suka koma jiran kason man fetur daga tarayya. Dagaci da mai unguwa, waɗanda littafin haraji yake sa su san kowane magidanci da kowane baƙo, suka rasa wannan aiki ba a ba su madadinsa ba. Da farashin mai ya faɗi, Shugaba Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, malaman firamare a jihohi da dama suka yi watanni ba albashi, ni ma na ɗanɗana. Ranar 31 ga Disamba, 1983 sojoji suka karɓe mulki, mutane da yawa suka yi murna saboda wuya ta kai musu iya wuya. A 1984 gwamnonin soja a jihohi da dama suka dawo da haraji da jangali, wasu da sunan kuɗin raya ƙasa.

Kammalawa

Wannan al'amari bai tsaya a ƙasar Hausa ba. A Tunisiya wani mai tallar kayan marmari, Muhammad Bu'azizi, ya cinna wa kansa wuta a Disamban 2010 bayan an ƙwace kayansa, cikin wata guda Shugaba Ben Ali ya gudu. Bayan shekara goma rashin aiki bai ragu ba, a Yulin 2021 Shugaba Ƙais Sa'id ya dakatar da majalisa, jama'a da yawa suna tafi. A Sudan tsadar burodi ce ta tayar da mutanen Atbara a Disamban 2018, aka kifar da Umar al-Bashir a Afrilun 2019, amma gwamnatin riƙon ƙwarya ba ta shawo kan tsada ba, sojoji suka ture ta a Oktoban 2021, ƙasar ta faɗa yaƙi a 2023.

Saboda haka amsar da zan ba maƙwabcina ita ce, fitowar talaka tana canza abu, sai dai ba kullum take canza shi yadda ya so ba. Na ɗauki darasi uku daga abin da ya gabata. Na farko, kukan ciki yana da ƙarfin rushe mulki, amma gina wani yana buƙatar a faɗa wa jama'a tun da wuri inda kuɗin tafiyar da shi zai fito. Wanda ya soke haraji bai tanadi madadi ba, ya bar wa na bayansa aikin dawo da shi. Na biyu, idan kuka na biyu ya tashi, mai mulki yana da zaɓi. Yana iya buɗe wa mutane hanyar abinci kamar yadda Bello ya yi da ribaɗi da sana'a, yana kuma iya jingina da masu ƙarfin da ya tarar kamar yadda Turawa suka yi bayan Satiru. Na uku, boren da ya bar abu mai ɗorewa shi ne wanda yake da buƙata sananniya da mutane masu haƙurin bin ta. Zanga-zangar Janairun 2012 tana da buƙata guda, aka sauko da litar fetur daga wajen naira 140 zuwa naira 97. 'Yan Sawaba sun yi shekara 29 suna maimaita magana ɗaya daga kasuwa zuwa kasuwa. Satiru tana da zuciya amma ba ta da tsari, sai ta zama kufai. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga 'yan'uwana malaman makaranta. Mun saba koyar da jihadi mu tsaya a faɗuwar Alƙalawa, mu koyar da neman 'yanci mu tsaya a 1 ga Oktoba, 1960. Ya kamata mu riƙa wucewa gaba da yara zuwa Kware da Tsakuwa da Satiru da Bakolori, domin a can ne za su ga yadda ake riƙe nasara da yadda take suɓucewa. Dattawa kuma da suke da tsofaffin takardun haraji da na jangali a adaka, ko suke tuna nawa aka yanka musu a wace shekara, su taimaka su nuna wa masu adana tarihi kafin gara ta cinye takardu, ƙasa kuma ta rufe masu labari. A Kinkinau kaɗai, inda mutane suka taru daga ƙauyukan Zazzau da Katsina da Kano da Sakkwato, akwai masu irin wannan shaida a kusan kowane layi. Tawa takardar, ta mahaifina, na riga na nuna wa maƙwabcin nawa, ya kuma ce zai kai hotonta aji. Allah ya jiƙan magabata, ya ba shugabanninmu kunnen jin kukan na ƙasa da su.